Babi na Bakwai: Kara, Yumɓu da Ƙullin Cincin

A gidan da na tashi, ba kalanda ce take sanar da mu cewa bikin Kirsimeti ya ƙarato ba. Ranar da Inna ta sauko da babbar tasar nan daga bisa kabad, ta ce in je in wanko kwalbar murza ƙulli, ranar muke sanin saura kwana uku ko huɗu. Sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kifa faranti, a barbaɗa masa fulawa. Inna tana can gefe wajen murhu da kaskon mai, yayyenmu mata suna murzawa suna yanka dogayen layuka, mu ƙanana kuma aikinmu shi ne mu tsinka layukan gutsi-gutsi. Sanyin hunturu ya tsattsaga mana leɓe, ƙafafu sun yi furu-furu, amma babu mai tashi. In aka kwashe kaskon farko sai kowa ya shiga neman nasa a ciki, domin kowa ya san irin yankansa: na wannan dogo, na wancan kamar ƙwayar masara.

Na manta launin yawancin kayan da aka ɗinka mini na biki, na manta takalman, amma zaman tabarmar nan yana nan daram a raina. Shi ya sa abin yake damuna in na tambayi yaran ajina a makarantar Lahadi, bayan an dawo hutu, me suka yi a Kirsimeti. Sai su hau lissafa abin da aka saya musu: riga, agogon roba, tabarau, cincin na kanti. Kaɗan ne suke cewa "ni na yi". Ba na ganin laifin iyaye mata. Macen da ta wuni a kasuwa ko a ofis, ga koyon waƙa na Zumuntar Mata da yamma, ga baƙi suna tafe daga ƙauye, ga tela bai gama ɗinki ba, in ta miƙa wa yaro waya ta ce ya shiga ɗaki ya ba ta wuri, na san abin da ya kai ta. Aikin da za ta gama cikin awa ɗaya, in ɗan shekara huɗu ya sa hannu sai ya ci awa biyu, ga shara a kai. Duk da haka ina roƙon a ba shi awa biyun nan, ko da sau ɗaya ne a cikin makon. Yaro ba ya ɗaukar biki nasa ne sai hannunsa ya shiga ciki.

Akwai wata baiwa da Allah ya yi mana wadda ba mu cika lura da ita ba, ita ce lokacin da bikin yake faɗowa a ƙasarmu. Watan Disamba ƙarshen kaka ne. An yanke dawa, kara yana jibge a bakin gonaki da bayan gidaje. An tsinke zoɓo, an kaɗe riɗi, gyaɗa ta daɗe da shiga buhu, ana cirar auduga a wajejen Funtuwa, rake ya cika kasuwa, lemo yana ta hawowa daga Binuwai. Iskar hunturu kuma tana busar da kome cikin kwana ɗaya ko biyu. Littattafan Turai masu koyar da irin wannan aiki cike suke da ganyen itatuwan da ba mu da su, da takardu masu ƙyalli na saye, da zanen dusar ƙanƙarar da 'ya'yanmu ba su taɓa takawa ba. Mu kayan aikinmu a ƙofar gida suke zube, yawancinsu kuma ko sisi ba a biya.

A fara da abin liƙi da abin shafa launi, domin su ne masu cin kuɗi in an ce sai an saya. Ƙaro, wanda masu haɗa tawada suka daɗe da sanin amfaninsa, in aka jiƙa ɗan dunƙulensa a rabin kofin ruwan ɗumi aka bari ya kwana, da safe ya narke ya zama gam mai kama takarda da auduga. Inda ba a samu ƙaro ba, a dama cokali biyu na fulawa ko sitaci a kofin ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ya yi kauri kamar koko, a sauke ya huce. Wannan ko yaro ya lasa babu abin da zai same shi, ɗan shekara biyu kuwa sai ya lasa. Launi kuma, a dafa zoɓo da ruwa kaɗan ya yi kauri, ga ja. Garin gangamau ya ba da rawaya. Gawayi a niƙa shi lilis, ga baƙi. Farar ƙasa da jar ƙasa suna nan. A ɗiga ruwan ƙaro a kowanne don kada ya kakkaɓe in ya bushe. Tsinke da aka naɗa wa auduga a baki ya isa abin shafawa, ƙananan kuwa yatsa suka fi so.

Kafin a fara shafawa, a nuna musu wani ɗan abin mamaki. A raba ruwan zoɓon gida uku. A matsa lemon tsami a kofi ɗaya, jansa zai ƙara haske. A ɗiga ruwan kanwa a na biyu, nan take zai rikiɗe ya yi duhu, ya karkata wajen shuɗi ko kore. Ruwan gangamau ma in kanwa ta taɓa shi ja yake komawa. Launin da ke cikin waɗannan tsirrai yana sauyawa ne gwargwadon tsami ko kanwar da ke cikin ruwan, abin da kowace mai miyar yakuwa ta daɗe tana gani a tukunyarta. Yaro ya samu launi uku daga tukunya ɗaya, kuma zai kwana yana tambayar yadda aka yi. Mai kanwar dai na shafawa ne kawai, a kula kada ya shiga ido.

Aikin kara na maigida ne, kuma da gangan na faɗi haka. A gidaje da yawa rabon uba a bikin nan bai wuce ba da kuɗin cefane da sayo akuya ko kaji ba. Alhali duk namijin da ya yi ƙuruciya a ƙauye ko a bayan gari ya ƙera motar kara, ya yi tabarau na kara, ya san yadda ake ɓare ɓawon a bar totuwa fara sol, da yadda ake soka siririn ɓawo a cikin totuwa a haɗa gaɓa da gaɓa ba tare da ƙusa ko gam ba. Wannan ilimi ne, yana kuma neman ɓacewa a hannun iyayen da suka koma birni. Baban yara, a nemo damin kara guda, a zauna da su bayan an dawo aiki. Shi ɓawon kaifi gare shi kamar reza, don haka babba ne zai ɓare, yaro ya karɓi totuwa yana kakkaryawa yana sokawa. Tauraro shi ne mafi sauƙi: sillayen kara shida masu tsawo ɗaya, kamar taƙi guda, a ɗaure su uku-uku su zama alwatika biyu, a juya ɗaya a ɗora bisa ɗaya, a ɗaure inda suka gitta. Sai a miƙa wa yaro zaren ulu mai launi ya yi ta naɗawa yadda ya ga dama. A rataya a bakin ƙofa.

Amma aikin da na fi so, wanda kuma na ga ya fi zama a zuciyar yara, shi ne gina wurin haihuwar Yesu da yumɓu. Al'adar tsohuwa ce. A shekarar 1223 Waliyyi Faransis na Asisi ya shirya komin dabbobi a wani ƙauye mai suna Gireciyo a ƙasar Italiya, ya zuba ciyawa, ya kawo sa da jaki masu rai, domin talakawan da ba su iya karatu ba su ga labarin da idonsu. Ɗan shekara uku ma bai iya karatu ba. Abin da ya taɓa da hannu shi yake ganewa.

A samo yumɓu wajen magina tukwane ko a bakin rafi, a tsince tsakuwa, a cuɗa shi da ɗan yashi mai laushi ko ƙaiƙayi don kada ya tsage. A inuwa ake shanya abin da aka gina, domin in rana da iskar hunturu suka haɗu a kansa sai bayansa ya bushe ya bar cikinsa ɗanye, ya dare. Tunkiya ba ta da wuya: dunƙule kamar ƙwai, ƙaramin dunƙule a matsayin kai, tsinke huɗu ƙafafu, in ta bushe a shafa ƙaro a manna auduga. Na sha ganin ana barbaɗa auduga a kan itacen ado wai ita ce ƙanƙara. Ni dai a bayan tunkiya na fi son ganinta. Sa kuma a yi masa tozo da manyan ƙaho irin na shanunmu. Mutane a mulmula su kamar ƙaramar taɓarya mai faɗin gindi don su tsaya, a yafa musu ƙyallen da aka tsinto wajen tela, wanda a wannan watan yake zubar da su buhu-buhu. Jariri a naɗe shi da farin ƙyalle a kwantar da shi a ɓawon gyaɗa ko a guntun sakaina. Rumfar kuwa da kara ake kafa ta a yi mata jinka da ciyawa, ko a zagaye ta da 'yar katangar laka.

Babu dalilin da zai sa a kwaikwayi bukkar katakon da ake gani a hotunan Turai. A Wusasa, kusa da Zariya, cocin Waliyyi Bartalamawas da aka gina a 1929 da ƙasa aka yi shi, ginin Hausa sak, magina na gida suka ɗora shi. Bayan shekara uku, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da Likita Walter Miller ya yi shekaru yana fama da shi tare da abokan aikinsa. Tun lokacin labarin Baitalami yake zaune cikin harshenmu da gininmu. In yaro ya yi wa Yusufu hula, ya ba makiyayi sanda da malfa irin ta Fulanin da yake gani suna wucewa da garke, ya fahimci labarin ke nan.

Shawarata kada a gina su duka rana ɗaya. A ɗauki mako guda, kowane dare a gina abu ɗaya ko biyu, a ba da guntun labarin da ya shafe su. Makiyaya da komin dabbobi suna cikin Luka sura 2, masana taurarin da suka zo daga gabas suna cikin Matiyu sura 2. Uwa ko uba su karanta da kansu tukuna, sannan su faɗa da bakinsu yadda ake tatsuniya, domin ƙaramin yaro ya fi sauraron fuska a kan takarda. Mai karantawa da kula zai ga wasu abubuwa da zai so ya sani kafin yaro ya tambaya. Matiyu bai ce masanan su uku ne ba, kyautarsu ce iri uku, daga nan aka ɗauko adadin. Luka bai ambaci sa da jaki ba, daga Ishaya sura 1 aka jawo su, inda aka yi maganar sa da ya san mai shi da jakin da ya san kominsa. In yaro ya gina masana biyar da akuya, bai saɓa wa Littafi ba.

Tambayoyin da suke fitowa a irin wannan zama ba sa fitowa a coci. Ɗiyata tana shekara biyar, tana cikin naɗa wa jariri ƙyalle sai ta ɗago ta ce, "Mama, to wa ya dafa wa Maryamu ruwan wanka? Wa ya dama mata kunun kanwa?" Ba a daɗe da goggonta ta haihu ba, ta ga yadda mata suka cika gida, wannan tana hura wuta, waccan tana riƙe da jariri. Na ce mata Maryamu baƙuwa ce a garin, ta yi doguwar tafiya, masauki kuma ya cika. Ta yi shiru, sannan ta ɗauki yumɓu ta gina 'yar tukunya ta ajiye kusa da ita. Na yi shekaru ina koyar da cewa cikin talauci da baƙunci aka haifi Almasihu, ban taɓa jin nauyin maganar kamar daren nan ba.

Kyautar masanan ma ana iya kawo ta kusa. Zinariya, takardar alewa mai ƙyalli ta wadatar. Lubban kuwa ƙaron wani itace ne, kuma ɗan'uwansa yana nan a dazukanmu da kan duwatsunmu, shi ne hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, ƙaronsa yana ƙamshi in an sa a garwashi. Mur kuma dangin dashi ne, wanda ake shinge da shi a ƙauyuka. In aka samo ɗan ƙaron hano wajen masu sayar da kayan turare aka jefa a kasko, yaro ya shaƙi abin da da sunansa kawai yake ji.

Na san ba duk ikilisiyoyi ne suka saba da wannan ba. A Katolika da Angilikan ba baƙon abu ba ne, amma a wasu gidajen ECWA ko COCIN ko EYN za a samu dattijon da bai sake da siffar mutum ta yumɓu ba, don gudun abin da ya yi kama da gunki. Ba abin jayayya ba ne. A gina rumfa da dabbobi da komi da tauraro, a bar mutanen a cikin labari.

Itacen Kirsimeti ba zan daɗe a kansa ba. Al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat da 'ya'yansu kewaye da shi a 1848, daga can ta iso mu. Mai so ya kafa busasshen reshe a gwangwani cike da yashi, yara su rataya taurarin kara da busasshen lemon da aka yanka fale-fale. Kalandar shekarar da ke ƙarewa a yanka ta siri-siri, yara su liƙa zobe cikin zobe su yi sarƙa. Ya isa.

Mu koma madafi, wajen cincin. Ga awon da nake yi: fulawa kilo ɗaya, wato kimanin gwangwanin madara goma, sukari gwangwani biyu, bota giram 125, ƙwai biyu, madarar ruwa gwangwani ɗaya, bakin hoda ƙaramin cokali biyu, ɗan gishiri, da gyaɗar ƙamshi rabi a goge. A fara haɗa busassun kaya, a sa bota a murje da yatsu har ta ɓace cikin fulawar ta yi kamar gari mai danshi. Wannan murjewar aikin ɗan shekara uku ce, kuma zai yi ta da zuciya ɗaya in an wanke masa hannu an naɗe masa hannun riga. Ɗan shekara biyar ya ƙirga gwangwani da ƙarfi yana zubawa, ya fasa ƙwai a wani kofi daban don a tsince ɓawo. Sannan a zuba ƙwai da madara, a ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ƙullin ya haɗe ya yi tauri ba ya kama hannu. A rufe shi ya huta kamar minti goma sha biyar, zai fi daɗin murzawa. In bota ta yi yawa cincin yakan farfashe ya sha mai, in ƙwai ko bakin hoda ya yi yawa, ko an bar garin fulawa a jikin yankan, sai man ya yi ta kumfa yana neman zubowa.

A yanko wa kowane yaro nasa ƙullin, a ba shi gefen faranti. Babba ya murza ya ja layuka da wuƙa, yaro ya tsinka da hannu ko ya datsa da almakashi marar tsini. Murfin kwalba yana fitar da da'ira, in aka sake datsa gefenta ta zama jinjirin wata. Mai shekara shida ko bakwai zai iya mulmula harafin farko na sunansa da na ƙannensa. A hana su cin ɗanyen ƙulli saboda ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa. Suya kuwa ta babba ce ita kaɗai, a wuta matsakaiciya, a kwashe tun yana ruwan zuma domin yana ƙara duhu bayan an tsame. Sai ya huce sarai kafin a rufe shi, in ba haka ba gumi ya sa shi laushi. In an kiyaye wannan yakan yi makonni bai lalace ba.

Akwai kuma abin zaƙi da yaro zai yi tun daga farko har ƙarshe ba tare da an kusanci wuta ba. A cire ƙwallon dabino mai laushi kofi biyu, in busasshe ne a ɗan jiƙa shi a ruwan ɗumi, a haɗa da soyayyar gyaɗa kofi ɗaya da aka murje aka fece, a zuba a turmi. A ba yaro ƙaramar taɓarya, a kama masa. In ya kirɓu ya haɗe, su mulmula ƙanana kamar daƙuwa, su birkiɗa a soyayyen riɗi ko gogaggiyar kwakwa. Ba a sa sukari ko kaɗan. Zoɓon sha ma akwai rabonsu a ciki: su wanke yashi, su ƙirga kanumfari, su matsa lemo bayan ya huce. Kantun riɗi ne ban yarda yaro ya matso ba sai an zuba ya daskare, domin narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma manne wa fata yake yi.

A nan dole in ja kunne, don na ga abin da ba na so wata uwa ta gani. Wata shekara a gidan 'yan'uwa, an ajiye kaskon mai a ƙasa ana hira, yarinya mai rarrafe ta jawo shi. Yau ta girma, tabon yana nan a hannunta. A sa murhu nesa da tabarmar yara, a ja layi a ƙasa da gawayi a ce musu nan ne iyaka, kuma mai goyo a baya kada ta sunkuya kan mai. In tsautsayi ya faɗa, a zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar ba ƙaƙƙautawa har minti ashirin, sannan a tafi asibiti. Kada a shafa man ja, ko ƙwai, ko gishiri, ko man goge baki. In mai ya kama da wuta a rufe kaskon da murfi, kada a watsa ruwa. Gyaɗa guda-guda ba ta dace da yaron da bai kai shekara biyar ba, tana iya sarƙe shi, haka ma cincin mai tauri ga ɗan shekara biyu, sai an jiƙa masa a shayi. Guntun balan-balan da ya fashe a tsince shi nan take. Jaririn da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma. Kyandir kuma kada ya kusanci rumfar kara, a lokacin da kome ya bushe ƙayau. Ƙaramar tocila a bayan komin ta fi kyau ma.

Abu na ƙarshe da zan roƙa game da aikin kansa, shi ne ya fi wuya ga iyaye masu son tsari: kada a gyara. In tunkiya ta fito da ƙafa uku, in tauraro ya karkace, in cincin wani ya yi kauri wani ya yi siriri, a bar su haka. Yaro yana kallo. In ya ga an bi bayansa ana daidaitawa, ya gane nasa bai yi ba, gobe in an kira shi sai ya ce Mama ta yi. A tambaye shi me ya gina, a saurari amsar, a ajiye abin inda baƙi za su gani.

Duk abin da aka soya aka mulmula kuma, ba na cikin gida ba ne kawai. A ƙuruciyarmu, ana tashi daga sujada ranar 25 ga wata, kafin mu ci namu, sai a jera kwanonin shinkafa da miya da ƙullin cincin, a ɗora mana a ka mu shiga maƙwabta. Yawancinsu Musulmi ne. Baba yakan kira maƙwabcinmu ya yanka mana akuyar, don kowa ya ci hankalinsa kwance, su ma ranar Sallah kwanoninsu suna shigowa da tuwo da naman layya. An koya mana yadda za mu yi: a yi sallama, a durƙusa, a ce, "Ina wuni, Hajiya. Wai in ji Inna, ga wannan a taɓa." Ita kuma ta ce, "Madalla, an gode, Allah ya maimaita mana, Allah ya yi muku albarka," ta juye ta wanke kwanon, ta sa mana tukuici. A bakin wata tsohuwa a irin wannan aiken na fara jin cewa su ma suna da labarin haihuwar Annabi Isa a Alƙur'ani, cikin Suratu Maryam, har da itacen dabinon da ta jingina da shi ta ci 'ya'yansa. Tun da na fara yin dunƙulen dabino da yarana, ba na rasa sa shi a kwanon maƙwabta.

Na san hanyar kwanon nan ta yi nisa a wasu garuruwa. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001, unguwanni sun rabu, mutanen da suka yi shekara talatin katanga ɗaya kowa ya koma ɓangarensa. Akwai yaran da aka haifa bayan nan waɗanda ba su taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Su nake tunani in na ji ana cewa zumunta a ƙafa take, domin ƙafar da take kai kwano tun asali ta yaro ce. Inda maƙwabcin yake nan, a aiki yaro. Inda ya tashi, akwai mai gadi, akwai mai kawo ruwa, akwai mai shagon bakin layi, akwai abokiyar aikin da za a iya kai wa a keke-napep, akwai gwauruwar da ke zama a bencin baya a coci wadda ba ta da mai soya mata.

Uwargida, bana in an gama suya, ki ware ƙulli guda daga yankan ɗanki, wanda bai daidaita ba ɗin nan. Ki bari shi ya zuba a leda, shi ya ɗaure, shi ya zaɓi gidan da za a fara kaiwa. Ki raka shi har ƙofa, ki tsaya a baya, ki bar shi ya yi sallama da bakinsa.